Daga Sakkwato Zuwa Maraɗi da Tawa: Kilomita Nawa Ne Ta Sama?

Filin darasi na wannan fitowa ya haɗa darussa biyu wuri guda, wato lissafi da labarin ƙasa. Za mu auna nisan da ke tsakanin filin jirgin saman Sakkwato da wasu filayen jirgi biyu na Jamhuriyar Nijar, na Maraɗi da na Tawa. Ba sai mun hau jirgi ba, biro da takarda sun isa. Muna roƙon duk wanda ya tsaya a gaban allon nan ya daure ya karanta har ƙarshe, musamman 'yan aji uku, domin ma'aunin taswira da lissafin gudu da lokaci suna cikin abin da ake tambaya a jarrabawa.

Mun zaɓi waɗannan garuruwa ne saboda ba baƙi ba ne a wurinmu. Da yawa daga cikinmu a nan Taloka muna da dangi a ƙasar Maraɗi ko ta Tawa. Harshenmu ɗaya, kasuwanninmu suna cin juna, ana auratayya. Hatta ruwa ya haɗa mu: Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga wajen Katsina, ya shiga Nijar ya ratsa ta Maraɗi, sannan ya dawo Nijeriya ya zuba cikin Gulbin Rima, wanda aka tare a madatsar ruwa ta Goronyo.

Filayen jirgin guda uku

Na farko shi ne filin jirgin Sakkwato. An sa masa sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, shekara 50 ke nan. Yana kudu da birnin, kuma daga nan ne alhazan jiharmu suke tashi zuwa ƙasa mai tsarki. Kowane filin jirgi yana da haruffa uku da ake gane shi da su a tikiti da jikin kaya. Na Sakkwato su ne SKO.

Na biyu shi ne na Maraɗi, mai haruffa MFQ. Maraɗi tana gabas da mu, ta ɗan karkata arewa. Na uku shi ne na Tawa, mai haruffa THZ. Tawa tana arewa sak da Sakkwato. Waɗannan biyun ƙananan filaye ne idan aka kwatanta su da babban filin jirgi na Diori Hamani da ke Yamai.

Nisa iri-iri ne

Idan aka tambaye ka nisan wani gari, kafin ka ba da amsa ka tambayi abu biyu: daga ina zuwa ina, kuma ta wace hanya? Akwai nisa ta sama, wato miƙaƙƙen layi kamar yadda shamuwa za ta bi, babu ruwanta da gada ko kwana. Akwai nisa ta ƙasa, wato tsawon titin da mota za ta bi. Akwai kuma nisa na lokaci, irin wanda iyayenmu suka fi amfani da shi, kamar su ce tafiyar awa biyu ce, ko tafiyar yini guda ce. Dukkansu gaskiya ne, amma amsoshinsu ba ɗaya ba ne. Za mu fara da na sama.

Adireshin kowane wuri a duniya

Masana labarin ƙasa sun zana wasu layuka a kan taswirar duniya. Ba a ganin su a ƙasa, a taswira kawai suke. Layukan kwance ana ce musu latitud. Suna nuna yadda wuri ya yi arewa ko kudu daga layin da ya raba duniya biyu daidai, wato ikwaita. Layukan tsaye ana ce musu longitud. Suna nuna yadda wuri ya yi gabas ko yamma daga layin da ya ratsa ta Girinwic a birnin Landan na ƙasar Ingila. Ana ƙidaya su da digiri.

Ga adireshin filayenmu uku, mun taƙaita lambobin don sauƙin lissafi:

Sakkwato: digiri 12.92 arewa, digiri 5.21 gabas
Tawa: digiri 14.88 arewa, digiri 5.27 gabas
Maraɗi: digiri 13.50 arewa, digiri 7.13 gabas

Saura mu san kilomita nawa ne a cikin digiri ɗaya. Zagayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, kuma kowace da'ira tana da digiri 360. Idan muka raba 40,000 gida 360 za mu samu 111 da 'yan kai. Saboda haka duk wanda ya yi tafiyar digiri ɗaya zuwa arewa ko kudu ya ci kimanin kilomita 111, ko a wace ƙasa yake.

Tafiya gabas ko yamma ta ɗan bambanta. Ku tuna da kankana mai zane a jiki. Zanen yana da faɗi a tsakiya, amma yana matsewa har ya haɗe a wurin kai da wurin gindi. Haka layukan longitud suke. A kan ikwaita tsakaninsu kilomita 111 ne, amma a yankinmu, wajen digiri 13 arewa, sun ɗan matse zuwa kimanin kilomita 108. Ku riƙe lambobin nan biyu: 111 na arewa da kudu, 108 na gabas da yamma.

Lissafi na farko: Sakkwato zuwa Tawa

Wannan shi ne mai sauƙi. Ku dubi lambobin gabas na filayen biyu, 5.21 da 5.27. Kusan ɗaya suke. Ma'ana, jirgin da ya tashi daga Sakkwato ya fuskanci arewa bai karkata ba, zai iske Tawa a gabansa. Don haka lambobin arewa kaɗai za mu duba.

14.88 − 12.92 = 1.96
1.96 × 111 = 217.56

Idan muka cike lambar, nisan ya zama kimanin kilomita 218. A kan hanyarsa jirgin zai bi ta saman yankin Illela da Birnin Ƙwanni, inda iyakar ƙasashen biyu take.

Lissafi na biyu: Sakkwato zuwa Maraɗi

Nan akwai ɗan aiki, domin Maraɗi ta fi Sakkwato arewa, ta kuma fi ta gabas. Sai mu auna kowane ɓangare daban.

Zuwa arewa: 13.50 − 12.92 = 0.58, sannan 0.58 × 111 = kimanin kilomita 64.
Zuwa gabas: 7.13 − 5.21 = 1.92, sannan 1.92 × 108 = kimanin kilomita 207.

A nan ne ɗalibai da yawa suke zamewa, su tara 64 da 207 su ce 271. To amma jirgi ba zai je arewa ya tsaya sannan ya juya gabas ba. Yanke zai yi, kamar yadda muke yanke ta tsakiyar filin ƙwallo daga wannan kusurwa zuwa waccan maimakon mu bi gefe da gefe. Kowa ya san yanke ya fi kusa.

Idan ka zana layin arewa da layin gabas da layin yanke, za ka ga alwatika mai kusurwa irin ta littafi. Dokar Fitagoras da muke koya a darasin lissafi ita ce maganin irin wannan. Dokar ta ce ka ninka kowane gajeren gefe da kansa, ka tara su, sannan ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jimlar.

64 × 64 = 4,096
207 × 207 = 42,849
4,096 + 42,849 = 46,945

Wace lamba ce za mu ninka da kanta ta ba mu 46,945? Mu gwada. 216 × 216 ya ba da 46,656, ya gaza. 217 × 217 ya ba da 47,089, ya ɗan wuce, amma ya fi kusa. Amsarmu kimanin kilomita 217.

Abin mamaki, Tawa 218, Maraɗi 217. Ɗaya tana arewa, ɗaya tana gabas, amma nisansu daga filin jirgin Sakkwato kusan ɗaya ne. Wani abin sha'awa kuma, idan ka ja layi daga filin Sakkwato zuwa na Maraɗi a taswira, za ka ga ya bi ta kudu kaɗan da garin Rabah. Wato hanyar ba ta yi nisa da mu ba.

Matuƙan jirgi ba su cika ƙidaya da kilomita ba. Suna amfani da mil ɗin teku, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. Idan ka raba 217 da 1.852 za ka samu kimanin mil ɗin teku 117.

Yadda za ka duba amsarka da rula

Ɗauki littafin taswira ka dubi ma'aunin da aka rubuta a ƙasan shafi. Idan an rubuta 1:1,000,000, to santimita ɗaya a takarda kilomita 10 ce a ƙasa, kuma Sakkwato zuwa Maraɗi zai kai kimanin santimita 21.7. Idan an rubuta 1:5,000,000, santimita ɗaya kilomita 50 ce, nisan zai zama santimita 4 da ɗan ɗoriya. Kada ka damu idan amsarka ta ɗan gaza. Ɗigon da ke taswira yana nuna tsakiyar gari ne, filin jirgi kuwa yana bayan gari.

A lura, rula da dokar Fitagoras suna aiki ne a gajeriyar tafiya irin wannan, domin a kilomita 200 lanƙwasar duniya ba ta da yawa. Idan tafiya ta yi tsawo, kamar ta alhazai daga Sakkwato zuwa Jidda, wadda ta kai kimanin kilomita 3,700, takarda shimfiɗaɗɗiya za ta ruɗe ka. Sai dai ka samu taswirar duniya mai siffar ƙwallo, ka ɗora zare a kan garuruwan biyu, ka ja shi ya miƙe. Inda zaren ya kwanta nan ce hanya mafi kusa.

To ta ƙasa fa?

A nan ne tagwayen namu suka rabu. Mai mota zai bar Sakkwato ya bi ta Kware da Gwadabawa zuwa Illela, ya tsallaka iyaka ya shiga Birnin Ƙwanni. Wannan kimanin kilomita 90 ne. Daga Ƙwanni zuwa Tawa kimanin kilomita 130 ne, jimla kimanin 220 daga cikin birnin Sakkwato. Titin Tawa bai cuci matafiyi ba, domin shi ma arewa ya nufa kamar jirgin.

Mai zuwa Maraɗi ta wannan titi kuwa, sai ya fara zuwa arewa har Ƙwanni, sannan ya juya gabas ta Galmi mai albasa, da Madawa, da Gidan Rumji, da Tsibirin Gobir, kafin ya shiga Maraɗi. Daga Ƙwanni zuwa can kimanin kilomita 240 ne, jimla kimanin 330. Ka ga an samu ƙarin fiye da kilomita 100 a kan na sama. Akwai hanyar da ta fi kusa, wadda ta biyo ta wajenmu, ta Goronyo da Sabon Birni. Sai dai duk mun san yadda matsalar tsaro ta sa mutane suke ɗari-ɗari da ita a 'yan shekarun nan. Allah ya kawo mana ƙarshen abin, amin.

Minti nawa jirgi zai yi?

Dokar ita ce: lokaci daidai yake da nisa a raba da gudu. Jirgin fasinja mai farfela biyu, irin ATR 72, yana gudun kimanin kilomita 500 a awa ɗaya.

217 ÷ 500 = 0.434 na awa
0.434 × 60 = kimanin minti 26

Wannan lissafin takarda ne. A zahiri sai an ƙara wasu mintoci, domin jirgi ba ya kai cikakken gudunsa lokacin hawa da lokacin sauka, kuma wani lokaci yakan zagaya don ya fuskanci titinsa daidai. Iska ma tana da nata. Idan iska mai gudun kilomita 50 a awa tana bugun jirgin ta gaba, gudunsa a kan ƙasa ya koma 450, tafiyar ta zama kimanin minti 29. Idan ta baya take tura shi, gudun ya zama 550, tafiyar ta koma kimanin minti 24. Shi ya sa zuwa da dawowa ba su cika zama daidai ba. A lokacin hunturu kuma hazo yakan rufe sararin yankinmu har a jinkirta tashin jirage ko a soke shi.

Ga matuƙi wannan lissafi ba wasa ba ne. Da shi yake sanin man da zai sha. Ba ya ɗaukar man zuwa kaɗai, dole ya ƙara wanda zai kai shi wani filin idan ya tarar ba a iya sauka a inda ya nufa. Kuskure a nan rayuka ne.

Mu kwatanta da mota. Idan tana cin kilomita 60 a kowace awa, kilomita 330 za su ɗauke ta awa biyar da rabi, ban da tsayawa a shingaye da bakin iyaka. Idan kuma mutum ya bi miƙaƙƙen layin da ƙafa, yana cin kilomita 30 a rana kamar mai kora jakuna, zai kwana bakwai bai isa ba. Abu ɗaya da ba ya canzawa shi ne agogo, domin Nijeriya da Nijar lokacinsu ɗaya ne.

Kusa ta sama, nesa ta iyaka

Ga nisan wasu filayen jirgi daga na Sakkwato, ta sama:

Maraɗi: kimanin kilomita 217
Tawa: kimanin kilomita 218
Yamai: kimanin kilomita 330
Kano: kimanin kilomita 370
Abuja: kimanin kilomita 490
Legas: kimanin kilomita 730

Ku duba da kyau. Yamai, babban birnin wata ƙasa, ta fi Kano kusa da Sakkwato. Maraɗi ba ta kai rabin nisan Abuja ba. Duk da haka jiragen fasinja na Sakkwato Abuja da Legas suke nufa, babu jirgin yau da kullum da ke zuwa Maraɗi ko Tawa. Dalili ɗaya shi ne kamfanin jirgi yana bin inda zai samu masu iya sayen tikiti ne. Dalili na biyu shi ne iyaka. Jirgin da zai tsallaka zuwa wata ƙasa, ko da tafiyar minti 26 ce, yana buƙatar izinin ƙasashen biyu, da jami'an kwastan da na shige da fice a kowane ɓangare. A sama ma akwai miƙa hannu: a Nijeriya hukumar NAMA ce take yi wa jirage jagora, a Nijar kuma ASECNA.

Ita kanta iyakar da lissafin nisa aka taɓa shata ta. A yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa, Turawa sun ɗauki birnin Sakkwato a matsayin tsakiya, suka zana baka mai nisan mil 100 daga birnin, wato kimanin kilomita 160, kamar yadda muke kafa tsinin kamfas a takarda mu juya fensir. Abin da ke cikin bakan na Ingila, na waje na Faransa. Daga baya Faransawa suka koka cewa ba a bar musu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba. Aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906, iyakar ta matso kudu, Ƙwanni ta faɗa ɓangaren Faransa. Wato layin da yake raba wasunmu da kakanninsu a yau, a kan takarda aka fara jan sa, a Turai.

Mun ga tasirin wannan layi da idonmu. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa wa ƙasar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, aka hana jiragen fasinja zirga-zirga tsakanin ƙasashen. Nijar ma ta rufe sararin samaniyarta a watan Agusta na shekarar, har jiragen da ke zuwa Nijeriya daga Turai suka riƙa yin zagaye, tafiyarsu ta ƙara tsawo. Motocin kaya suka yi cirko-cirko a Illela. Sai a watan Maris 2024 aka sake buɗe iyakar. A duk tsawon watannin nan nisan Maraɗi bai ƙaru da ko taku ɗaya ba, yana nan a 217, amma mai son gaida mahaifiyarsa a can ya san garin ya yi nisa.

Saboda haka idan aka ba ka lamba aka ce nisan gari kaza ke nan, kada ka karɓa kawai. Tambayi daga wane wuri aka fara awon, ta sama ne ko ta ƙasa, da kilomita ne ko da mil. Amsar da ta dace da matuƙin jirgi ba za ta yi wa direban mota amfani ba wajen sayen mai.

Gwada ƙwaƙwalwarka

1. Filin jirgin Yamai yana digiri 13.48 arewa, 2.18 gabas. Yi amfani da 111 da 108 da dokar Fitagoras ka nemo nisansa daga filin Sakkwato. Amsarka ta yi kusa da wadda ke cikin jerinmu?

2. Garin Goronyo yana kimanin digiri 13.44 arewa, 5.67 gabas. Kilomita nawa ne ta sama daga Goronyo zuwa filin jirgin Maraɗi? Nawa ne kuma zuwa na Sakkwato?

3. Ƙaramin jirgi yana gudun kilomita 220 a awa ɗaya. Kimanin minti nawa zai yi daga Sakkwato zuwa Tawa?

4. A taswira mai ma'aunin 1:2,000,000, santimita nawa ne za su tsaya a madadin kilomita 218?

5. Ta sama nisan Tawa da na Maraɗi kusan ɗaya ne. Bayyana cikin jimla biyu dalilin da ya sa suka bambanta ta ƙasa.

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a miƙa wa sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. A nuna yadda aka yi lissafin, ba amsa tsura ba. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Muna roƙon kada kowa ya yi rubutu a jikin takardar nan don na baya su samu karantawa.